MLflow, W&B, DVC ko Netron: wanne ya dace da mu wajen duba bayanan model da gyara su?

Duk wanda ya taɓa horar da model na AI fiye da biyar a laftof ɗinshi ya san irin foldar nan: final.pt, final2.pt, final_gaske.pt, final_na_malam.pt. Bayan wata biyu sufabaiza ya ce maka wanne ne a cikinsu ya ba da makin da ka rubuta a babi na huɗu, kuma da wace data aka horar da shi, nan take zufa za ta fara keto maka ko da a tsakiyar hunturu ne. Ɗaliban kwamfuta na UMYU da na Dutsin-Ma da na Alƙalam da waɗanda ke Daura yanzu kusan kowa furojet ɗinshi AI ne, wannan na gane cutar ganye, wannan na sauraron magana da Hausa, wancan na tantance saƙon 'yan damfara, amma maganar adana bayanan model ɗin ba mai kulawa sai ranar difens ta matso.

Bayanan da nake nufi su ne metadata, duk wani abu da ke kewaye da model banda lambobin da ya koya: wa ya horar da shi, yaushe, da wace data, da waɗanne faramitoci (saitin da aka zaɓa kafin horo), maki nawa ya ci, girman hoton da yake karɓa, sunayen ajin da yake fitarwa, lasisinshi. Kuma tambayar "wace manhaja ta fi" ba ta amsuwa kai tsaye don bayanan ba wuri ɗaya suke zaune ba. Ka je kasuwar Dandume ka duba buhun masara, akwai sunan da aka rubuta da maka a jikin buhun, shi duk inda buhun ya je yana tare da shi, akwai abin da dillali ya rubuta a littafinshi na nawa aka saya daga hannun wa, akwai kuma abin da ake faɗa ma mai saye. To haka model yake. Wasu bayanan suna cikin fayil ɗin, wasu suna cikin tarihin horo, wasu na kan katin da jama'a za su karanta, kuma kowace manhaja ɗaya daga ciki ta ƙware a kai, sauran sai dai lallaɓawa.

Mu fara da na cikin fayil tunda shi aka fi rainawa. Netron, wanda Lutz Roeder ya rubuta, kyauta ne, ko ka buɗe shi a burauza ko ka sauke shi a kwamfuta ya yi aiki ba intanet. Ka jawo fayil ɗin ONNX ko TFLite ko Keras ko Core ML, duk tsarin adana model ne, ka saka, sai ya zana maka model ɗin daga mashiga har mafita, ka danna kowane akwati ka ga me ke ciki. Amfaninshi na gaske yana fitowa ranar da za ka kai model kan waya. A ce ka yi model na gane tsutsar nan mai cin masara da ta shigo Najeriya a 2016, don manoman Funtua da Bakori su ɗauki hoton ganye da Android, ka ba mai haɗa af fayil ɗin, ya dawo ya ce komai aka ɗauka cewa yake lafiya lau. Sau da yawa model ɗin ba shi da laifi, hoton 224 da 224 yake so ana ba shi wani girma, ko yana jiran lambobi tsakanin -1 da 1 ana tura mashi 0 zuwa 255, ko jerin sunayen cututtukan ya juye. Netron cikin minti ɗaya zai nuna maka siffar mashigar da irin lambar da take karɓa. Matsalarshi guda ce, kallo kawai yake, ba ya gyara komai. In kana son saka bayani a ONNX sai ka rubuta layi uku huɗu na Python ka cika metadata_props, TFLite kau akwai kayan rubuta metadata na Google da ke cusa sunayen aji da lambobin daidaita hoto a cikin fayil ɗin, har ma in an yi haka za ka iya buɗe fayil ɗin kamar zif ka ciro takardar sunayen. Ni a ganina duk model ɗin da zai bar hannunka ya kamata sunayen ajinshi su tafi a jikinshi, don takardar da ka turo daban ta WhatsApp ɓacewa za ta yi.

Masu gudanar da manyan model na hira a laftof da llama.cpp ko Ollama ko LM Studio kuma GGUF ne nasu, tsarin da ya fito a Agustan 2023, kuma shi daga farko an gina shi ne da bayanai a kai: general.architecture, general.name, tsawon rubutun da zai iya riƙewa, tokenizer.chat_template da lambar alamar tsayawa. Waɗannan biyun na ƙarshe in ba daidai suke ba su ne ke sa ka ga model yana ta surutu ba ya tsayawa ko yana amsa ma kanshi tambaya. Kunshin gguf na Python yana zuwa da gguf-dump na karantawa, gguf-set-metadata na canza ƙaramar lamba a nan take, da gguf-new-metadata wanda ke sake rubuta sabon fayil gaba ɗaya in abin da za ka canza dogo ne, don haka ka tabbata kana da fili, model mai faramita (a nan lambobin da ya koya) biliyan 7 ko 8 da aka matse zuwa bit 4 yana kai gig 4 zuwa 5, kwafi biyu kenan. Wani abin da ya burge ni, a Hugging Face, shafin da ake ɗora model don jama'a su sauke, in ka danna fayil ɗin GGUF za ka ga duk bayanan nan tun kafin ka sauke. Ga mai sayen data da kuɗinshi wannan ba ƙaramin abu ba ne wallahi.

To sai babban filin, tarihin horo, nan ne MLflow da Weights & Biases suke kokawa.

MLflow kamfanin Databricks ne ya fito da shi a 2018, a 2020 ya koma ƙarƙashin Linux Foundation, lasisin Apache 2.0, ba ka biyan ko sisi. Ka yi pip install, ka saka layuka kaɗan a kod ɗinka, ka rubuta mlflow ui sai ka buɗe burauza a fot 5000, komai a cikin laftof ɗinka yake, in an ɗauke wuta ko sabis ya gudu ba ruwanka muddin akwai caji. Ka haɗa shi da SQLite, ƙaramar ma'ajiyar bayanai, tun ranar farko, fayil ɗaya ne mlflow.db da za ka iya kwafewa a filasha. Za ka zaɓi gwaji biyar ko goma ka jera su gefe da gefe, ka ga wane faramita ne ya motsa maki, ka yi bincike irin metrics.f1 > 0.8 and tags.rubutu = 'boko' ya tace maka. Abin da ya kamata ka sani game da gyara shi ne MLflow ya raba bayanai gida uku kuma ba duka ake taɓawa ba. Faramita in ka rubuta shikenan, ka yi ƙoƙarin canza shi zai ƙi, maki kuma ƙarawa ake yi a kan na baya, tag da bayanin gwaji su ne kaɗai za ka gyara son ranka ko daga dashbod. Wasu haushin wannan suke ji, ni kau shi ne dalilin da ya sa nake yarda da shi, don tarihin da kowa zai iya komawa ya gyara daren difens ba tarihi ba ne. Yana da rijistar model inda kowane model ke samun lamba 1, 2, 3, ka liƙa ma wanda ake amfani da shi laƙabi irin champion, tsohon tsarin Staging da Production da za ka gani a bidiyoyin YouTube na da sun fara janye shi, kar ka gina aikinka a kai. Kowane model da ka adana yana zuwa da ƙaramin fayil mai suna MLmodel da ke faɗin irin abin da yake karɓa da abin da yake fitarwa, da jerin kunshin Python da sigoginsu, wanda shekara ɗaya nan gaba za ka gode ma Allah da shi.

Illolinshi kuma akwai su. Yana cin hadis (hard disk) ba tausayi don duk sanda ka adana model cikakken kwafi yake ajiyewa, kuma in ka goge gwaji daga dashbod bai tafi ba, ɓoye shi kawai aka yi sai ka gudanar da mlflow gc. In ku huɗu ne a gurup kowa da laftof ɗinshi to kowa da tarihinshi daban, sai dai ɗaya ya zama saba (server) da sauran za su riƙa tura ma bayanai, kuma yadda yake zuwa ba ya tambayar faswod, in ka buɗe shi a intanet haka nan duk wanda ya samu adireshin zai shiga. Sai masu Colab, shafin Google na aron kwamfuta a intanet, su ne suka fi shan wahala, zaman na ƙarewa foldar ta tafi da komai in ba ka kwashe zuwa Drive ba.

Nan ne W&B yake cin kasuwa. An kafa kamfanin a San Faransisko a 2017, CoreWeave ya saye shi a 2025. Layi biyu za ka saka, komai na tafiya sabarsu kai tsaye, Colab ya mutu tarihinka na nan, kana Ƙofar Ƙaura abokin aikinka na Malumfashi sufabaiza na Zariya duk kuna kallon zane ɗaya ko a waya. Kyau kam ya fi MLflow kyau, ba gardama. Shi da kanshi yake ɗaukar bayanin GPU da sigar kod, kuma teburinshi na karɓar hoto da sauti, wanda ga mai model na sauraron Hausa babban abu ne, layi ɗaya ga muryar ka danna ka ji, ga abin da aka faɗa, ga abin da model ya rubuta, sai ka jera su daga mafi muni. A nan za ka gano ashe duk inda tsohuwa ce ke magana ko akwai ƙarar babur a baya model ɗin kwance yake. Wajen gyara ma ya fi sassauci, tag da rubutun bayani daga shafi, faramitoci kuma ana iya sabunta su daga baya ta kod.

Amma ka lura da abu uku kafin ka zuba mashi komai. Na farko intanet, akwai WANDB_MODE=offline da ke ajiye bayanan a laftof, sai dai zanen nan masu kyau ba za ka gan su ba sai ka samu sabis ka yi wandb sync, kuma in ka saba tura hotuna da sauti da model ɗin kanshi duk zagaye to datarka ce ke ƙonewa. Na biyu kuɗi, na mutum ɗaya da na masu bincike a jami'a kyauta ne da iyaka, ranar da aikin ya zama na kamfani da dala za a biya. Na ukun ya fi duka nauyi a wajena: in datarka hotunan marasa lafiya ce ko muryoyin mutanen ƙauye da suka yarda da kai don kai ɗan gida ne, ɗora ta a sabar wata ƙasa ba abu ne da za ka yi don dashbod ya yi kyau ba, akwai dokar kare bayanai ta Najeriya da aka sa ma hannu a 2023, kuma ko ba doka akwai amana. Ka tura maki da faramita, muryoyin su zauna a gida.

TensorBoard ba sai na daɗe a kanshi ba. Tun 2015 yake tare da TensorFlow, yana aiki da PyTorch ma, fot 6006, ba intanet, yana nuna yadda horo ke tafiya. Ba ya gyara komai, ba rijista, kuma shafin da Google ya buɗe na raba sakamakonshi an rufe shi a farkon 2024. In furojet ɗinka gwaji shida ne ya ishe ka. Aim ma kyauta ne, yana zama a laftof kuma yana da sauri wajen kwatanta gwaji da yawa. ClearML yana da kaya sosai amma in za ka kafa sabarshi da kanka sai Docker da Elasticsearch da MongoDB da Redis, laftof mai ram 8 kuka za ta yi.

Akwai tambayar da duk waɗannan ba su cika amsa ta da kyau ba: wace data ce takamaimai? Ka rubuta tag "hotuna_v2" a MLflow, to jiya wani ya ƙara hotuna 300 a foldar ya goge masu duhu, sunan bai canza ba. DVC don wannan aka yi shi, tun 2017. Yana lissafa hatimin md5, lambar da ke canzawa da zarar abin da ke ciki ya canza, na fayil ko folda ya rubuta a ƙaramin fayil mai ƙarewa da .dvc, shi ƙaramin ne ke shiga Git, manhajar da ke riƙe tarihin gyaran kod, ita datar ta tafi ma'ajiya, kuma ma'ajiyar ba dole sai S3 ba, hadis na waje da ka saya a kasuwa ma ya yi, wanda ya dace da mu ƙwarai. Hoto ɗaya ya canza hatimin ya canza. Tunda bayananshi duk rubutu ne zalla, params.yaml da dvc.yaml da dvc.lock, da kowace edita za ka gyara kuma Git zai riƙe wa ya gyara me. Wajen kallo ne yake da rauni, dvc exp show tebur ne a baƙin allo, zane kuma sai ka yi dvc plots show ko ka saka ƙarinshi na VS Code. Kuma gaskiya in Git bai zauna maka ba tukuna kar ka fara da DVC, wahala biyu za ka haɗa ma kanka.

Sai katin jama'a. Tsarin katin model masu bincike na Google ne suka gabatar da shi a 2019, Hugging Face ya mai da shi abin yau da kullum: fayil ɗin README.md ne, samanshi 'yan layukan YAML, language, license, datasets, base_model, pipeline_tag, ƙasa kuma bayani da kalmominka. Ana gyarawa a shafin kai tsaye ko ta metadata_update a Python, kuma tunda Git ne a ƙasa duk gyara na da tarihi. In ba ka saka language: ha ba mai tace model da harshen Hausa ba zai ga naka ba, kuma ka shiga ka duba da kanka, model nawa ne na Hausa da katinsu fayau yake ba ko layi ɗaya. Layin lasisi da na base_model kuma kar ka cika su da ka. NLLB na fassara da MMS na murya, model ɗin Meta, duk suna da Hausa amma lasisinsu CC-BY-NC ne, ba a kasuwanci da su, Whisper na OpenAI kau MIT ne, wanda ya yarda da kasuwanci, muryoyin Common Voice kuma CC0. Wanda ya gina a kan NLLB ya rubuta MIT a katinshi ya jefa duk wanda ya ɗauka cikin rigima.

Akwai kuma bayanan da ba wata manhaja a cikin waɗannan da ta tanadar mana gurbinsu, mu ne za mu ƙirƙira, shi ya sa nake auna kowace da sauƙin saka tag na kanka. Rubutun boko ne ko ajami, ana iya nuna wannan da ha-Latn da ha-Arab. Na Najeriya ne ko na Nijar, tunda muna rubuta 'y su suna rubuta ƴ, kuma datar da aka kwaso daga Maraɗi ko Damagaram za ta shigo da shi. An bar haruffa masu lanƙwasa ko an mayar da ƙ, ɗ, ɓ zuwa k, d, b kafin a auna? Wannan kaɗai na iya sauko da adadin kuskuren model na sauraro, sai ka ga mutum biyu na gardamar wa ya fi maki alhali ba ma'auni ɗaya suka yi amfani da shi ba. Sai karin harshe, model ɗin da ya koyi Hausar labaran rediyo ka kai shi kasuwar Mai'aduwa ko Jibiya ka ji yadda zai yi. Ka rubuta su a tag na MLflow ko W&B, ka maimaita a katin, in fayil ɗin na karɓa ka cusa a ciki ma. Safetensors, wani tsarin fayil ɗin model, na da gurbin __metadata__ a kanshi amma rubutu kawai yake karɓa, lamba ma sai ka mai da ita rubutu.

To wanne za a ɗauka? Ɗalibi shi kaɗai da laftof, wuta na zuwa na tafiya: MLflow da SQLite, Netron a gefe, shikenan, kar ka ƙara komai. Wanda duk aikinshi a Colab ko Kaggle yake, ko gurup da ke warwatse a garuruwa kuma datar ba ta sirri ba ce, W&B zai fi mashi kwanciyar hankali, ya rage tura manyan fayiloli kawai. Masu tattara data da kansu, yau an je gona an ɗauko hoto gobe an gyara lakabi, su DVC ya zama dole a kan duk wanda suka zaɓa, sai su riƙa saka lambar komit ɗin Git a tag na kowane gwaji don biyun su haɗu. Aikin asibiti ko na wata ma'aikata MLflow a kwamfutar ofis, da faswod, ba fita waje. Wanda kau ba horarwa yake ba, saukewa yake yana gwadawa, ba ya buƙatar ko ɗaya daga cikin manyan, shafin Hugging Face da gguf-dump sun ishe shi.

Wani zai ce shi Excel yake amfani da shi kuma lafiya lau. In gwajin bai wuce goma ba kuma da gaske kana cikawa duk sanda ka gama, ban ga laifi ba, ya fi MLflow ɗin da aka saka ba a buɗewa. Sai dai ka ƙara shafi biyu, ɗaya na hatimin fayil ɗin model, certutil -hashfile a Windows ko sha256sum a Linux zai ba ka, ɗaya kuma na sigar PyTorch ko TensorFlow da ka yi horon da ita.